Kalmar "comfort": daga ƙarfafa gwiwa zuwa laushin katifa

Wata malamar sakandare ce ta aiko mini da wannan tambaya: "Malam, a rana ɗaya na ci karo da kalmar comfort a wuri biyu. Da safe na gan ta a saƙon ta'aziyya da aka turo wa maƙwabciyata, an rubuta 'May God comfort you'. Da yamma kuma sai ga ta a jikin allon tallar katifa. Me ya haɗa mutuwa da katifa? Mene ne ainihin ma'anar kalmar, daga ina ta fito, kuma da wace kalmar Hausa zan fassara wa ɗalibaina ita?"

Malama, sannu da aiki. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba maƙwabciyarki haƙuri. Tambayarki ta faɗa daidai inda wannan kalma take kayar da masu fassara, domin na daɗe ina koyar da Turanci da fassara, kuma da wuya shekara ta wuce ban ga ɗalibi ya yi tuntuɓe a kanta ba. Abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki wahalar da kanki wajen neman kalmar Hausa guda ɗaya da za ta ɗauke ta gaba ɗaya. Kalmar tana da rassa biyu manya, ɗaya na zuciya, ɗaya na jiki. Na zuciyar shi ne babba, ya girmi na jikin da wajen shekara 500. Kuma dukansu biyu sun tsiro ne daga saiwa ɗaya da yawancin masu jin Turanci ba su taɓa zato ba, wato ƙarfi.

Asalin kalmar Latin ne, harshen mutanen Rum na da. A Latin "fortis" na nufin mai ƙarfi ko jarumi. Sai aka liƙa masa "con" a gaba, wanda a nan aikinsa ƙara wa magana nauyi ne, aka sami "confortare", ma'ana a ƙarfafa abu sosai. Idan kika cire harafi uku na farko daga comfort, abin da ya rage shi ne "fort", wato sansanin soja mai katanga, irin wanda ake fakewa a ciki ranar yaƙi. 'Yan gida ɗaya ne da "force" da "effort" da "fortify" da "fortitude". Duk cikinsu babu mai ƙamshin hutu ko kwanciya. Ƙarfi ne da dagewa da tsayawa daram.

Akwai wani hoto da nake so ki nemo wa ɗalibanki, domin ya fi dogon bayani. A garin Bayeux da ke arewacin Faransa aka adana wani dogon ƙyalle mai tsawon kusan mita 70, wanda aka yi wa ɗinkin zare a ƙarni na 11, ana ba da labarin yadda William, mai mulkin yankin Nomandi na Faransa, ya ci Ingila a yaƙin Hastings ranar 14 ga Oktoba, 1066. Ana tsakiyar gumurzu sai jita-jita ta bazu cewa an kashe William, dakarunsa suka fara ja da baya. A wannan gaɓar masu ɗinkin suka zana ɗan'uwansa, wani babban limamin coci mai suna Odo, a kan doki, ya ɗaga kulki sama, ya kutsa cikin mayaƙa. A saman kansa aka ɗinka rubutun Latin da ke cewa ga Odo nan riƙe da sanda yana "confortat" samari. Duba da kyau, Malama. Mutum ne da kulki a hannu yana mayar da masu gudu fagen fama. Babu lallashi, babu shafa kai. Abin da yake yi shi ne abin da mu muke kira ƙarfafa gwiwa, irin aikin da makaɗan yaƙi da masu kirari suke yi wa barade a ƙasar Hausa. Ma'anar kalmar ta fari ke nan.

Wannan yaƙi kuma shi ne ƙofar da kalmar ta bi ta shiga Turanci. Bayan 1066 Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje a Ingila har kusan shekara 300, Turanci ya koma harshen talaka. A cikin wannan zamani dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Turanci, kamar dai yadda kalmomin Larabci suka shigo Hausa ta hanyar addini da shari'a da karatu. Tsohon Faransanci yana da "confort" da "conforter", kuma zuwa ƙarni na 13 sun bayyana a rubuce-rubucen Turanci. Kafin nan Turawan Ingila suna da tasu kalmar ta gado, "frofor", mai nufin ba da haƙuri da taimako. Baƙuwa ta zo ta kore ta, har yau babu mai tuna ta sai masu nazarin tsohon Turanci.

Wataƙila ɗalibi mai lura ya tambaye ki yadda aka yi "n" ta koma "m". Leɓe ne ya jawo. Idan "n" ta zo gaban harafin da ake furtawa da leɓe, baki yakan ja ta ta zama "m". Mu ma haka muke yi kullum. Muna rubuta "an ba shi" amma muna cewa "am ba shi". Wasu na rubuta "anfani", wasu "amfani". Turawan Ingila sun bi bakinsu suka rubuta "m", Faransawa kuwa suka riƙe "n" ɗinsu har gobe.

Don ki ga yadda ma'anar ƙarfi ta daɗe a jikin kalmar, ga misali daga fassarar Baibul ta Turanci da aka yi a ƙarshen ƙarni na 14, wadda ake jingina wa John Wycliffe da almajiransa. A littafin Ishaya, sura ta 41, aya ta 7, ana bayanin masu sana'a da suka ƙera gunki suka kafe shi da ƙusoshi don kada ya motsa. Kalmar da masu fassarar suka sa a wurin kafewa ita ce comfort. Wato a Turancin wancan lokaci ana iya yi wa katako comfort da ƙusa da guduma. Bature na yau in ya karanta wannan sai ya yi mamaki, amma a lokacin magana ce daidai.

Inda wannan tsohuwar ma'ana ta tsira da ranta har yau shi ne harshen shari'a, domin lauyoyi ba sa son sauya kalma. A shekarar 1351, zamanin Sarki Edward na Uku, aka kafa dokar cin amanar ƙasa a Ingila, aka rubuta ta da Faransancin kotu. Cikin laifuffukan da ta lissafa akwai mara wa abokan gaban sarki baya da ba su "aid and comfort", kamar yadda fassararta ta Turanci ta ce. Wannan doka ba ta mutu ba. Da ita aka yanke wa William Joyce hukuncin kisa, mutumin da ya riƙa yi wa Jamus farfaganda da Turanci ta rediyo a Yaƙin Duniya na Biyu, aka rataye shi a Janairun 1946. Amurkawa ma da suka zo rubuta kundin tsarin mulkinsu a 1787 sun kwashi jimlar yadda take suka sa a sashe na uku, inda aka fayyace mene ne cin amanar ƙasa. To idan ɗan jarida ya fassara wannan da cewa an zargi wane da "jiyar da abokan gaba daɗi" ko "lallashin abokan gaba", ya ɓata labari. Abin da ake nufi shi ne taimaka musu da ƙara musu ƙarfi, ko da kuɗi ne, ko makami, ko mafaka, ko bayanan sirri, ko ma baki.

Yanzu ta yaya ƙarfi ya zama ta'aziyya? A ganina Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan, domin harshensa ya riga ya bi wannan hanya. Wanda aka yi wa rasuwa muna cewa jikinsa ya mutu, gwiwarsa ta yi sanyi, zuciyarsa ta karye. Abin da ya rasa shi ne ƙarfin tsayawa. Shi ya sa waɗanda suka zo zaman makoki suke cewa "sai haƙuri", "Allah ya ba da dangana", "a daure". Ba su zo da daɗi ba, ƙarfi suka zo ara masa har nasa ya dawo. Ita kanta kalmar ta'aziyya da muka aro daga Larabci ma'anarta ta asali ita ce sa mutum ya yi haƙuri, a taya shi ɗaukar abin da ya same shi. Saboda haka comfort ta saƙon maƙwabciyarki ta fi kusa da asali nesa ba kusa ba. Mai saƙon yana roƙon Allah ya tallafi zuciyarta ne.

Addinin Kirista ya ƙara kafa wannan ma'ana a Turanci. A fassarar Baibul ta 1611, wadda aka yi da umarnin Sarki James, an kira Ruhu Mai Tsarki da "the Comforter" a Linjilar Yohanna, a matsayin fassarar wata kalmar Girkanci mai nufin wanda aka kira ya zo ya tsaya a gefenka, ya dafa maka. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa sun sa "Mai Taimako" a wurin, kuma a ganina sun dace, domin sun kamo tsohuwar ma'anar. Daga wannan al'ada ce kuma sunan mata Comfort ya fito. Wasu Kiristocin Ingila masu tsananin riƙo da addini, a ƙarni na 16 da na 17, sukan raɗa wa 'ya'yansu sunayen kyawawan halaye, irin su Patience da Grace da Mercy. Sunan ya yi ƙaranci a Ingila yanzu, amma ya sami gida a Najeriya da Gana. Na tabbata a ajinki, ko a makarantarku, ba a rasa wata Comfort daga kudancin Kaduna ko Filato. Iyayen da suka sa wannan suna ba katifa suke tunani ba. Suna cewa ne wannan yarinya ta zo ta share mana hawaye. Har ila yau daga Baibul Turanci ya sami "Job's comforter", wato mai ta'aziyya irin na abokan Annabi Ayuba, waɗanda a ruwayar littafin suka zo duba shi a cikin jarrabawarsa suka ɓige da cewa lallai wani zunubi ya aikata. Ana faɗin haka ga mutumin da ya zo jaje ya ƙara wa mai ciwo ciwo, irin wanda zai zo duba mara lafiya ya ce ai wane ma haka ya fara, kwana uku aka kai shi.

Sai reshe na biyu, na jiki. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙuruciyarsa. Idan kika buɗe shahararren ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, ma'anonin da ya ba comfort su ne tallafi, taimako, ba da haƙuri a lokacin musiba, da abin da ke kawo waɗannan. Laushin kujera ko ɗumin ɗaki ba su cikin lissafinsa. A rabin ƙarshe na wannan ƙarni ne ma'anar jin daɗin jiki ta fara bunƙasa, kuma dalilin yana cikin yadda rayuwar gidajen Ingila ta sauya.

Ki tuna ƙasar sanyi ce. Gidan mai kuɗi na da yana da girma da ƙawa, amma iska na shiga ta ko'ina, murhun ɗumama ɗaki yana cika ɗaki da hayaƙi, wanda ke kusa da wuta yana gasuwa, na nesa yana rawar ɗari, kujeru kuma an yi su ne don nuna matsayi, mai zama ya miƙe ƙyam. A ƙarni na 18 kasuwanci ya bunƙasa, masu matsakaicin hali suka yawaita, aka shiga gyara waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Benjamin Franklin ya ƙirƙiro murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki a Amurka a shekarun 1740. A shekarun 1780 wani mutumin Siwizalan mai suna Argand ya fito da fitilar mai wadda haskenta ya ninka na kyandir kuma ba ta yawan hayaƙi. A 1796 wani masanin kimiyya da ake kira Rumford ya wallafa yadda za a gina murhun bango da zai tura zafi cikin ɗaki, hayaƙi ya bi bututu ya fita. Kujeru masu laushi da aka cusa wa gashi suka yawaita. Sabon abu ya samu, sai ya nemi suna, aka miƙa hannu aka ɗauko comfort. Dama tun ƙarni na 17 ana cewa "creature comforts" ga abinci da abin sha da sutura, wato ɗan abin da ke ƙarfafa jikin ɗan Adam, saboda haka gadar tana nan a gine. Wani masanin tarihi, John Crowley, ya rubuta littafi sukutum a 2001 a kan wannan sauyi, inda ya nuna cewa ɗaukar jin daɗin jiki a matsayin ma'aunin gida nagari abu ne da aka koya a wancan zamani.

Daga nan masana tattalin arziki na Ingila suka saba raba kayan rayuwa hawa uku: "necessities", abin da ba a rayuwa sai da shi, "comforts", abin da ke sauƙaƙa rayuwa, da "luxuries", kayan alatu. Wannan rabo yana da amfani ga mai fassara. Tabarma larura ce, katifa comfort ce, gadon zinariya alatu ne. Randa larura ce, firji comfort ne. Kalmar tana zaune a tsakiya, ba ta kai almubazzaranci ba, shi ya sa fassara ta da "alatu" ko "ƙasaita" kuskure ne.

Wani abin sha'awa, musamman ga 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci: kalmar ta koma gida da sabuwar riga. A Faransa tsohuwar "confort" ta kusa ɓacewa, aka bar "réconfort" tana aikin ba da haƙuri. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 Faransawa suka sake aro "confortable" da "confort" daga Turanci, a wannan karon da ma'anar jin daɗin gida irin na Ingila. Shi ya sa ɗan Maraɗi ko Damagaram bai cika ruɗewa ba, yana da kalma biyu, ɗaya ta zuciya ɗaya ta jiki. Mai Turanci kuwa kalma ɗaya ce ke ɗauke masa kaya biyun.

Yanzu mu zo ga yadda ake amfani da ita a yau. Idan aikatau ce, kusan kullum ta zuciya ce. Uwa tana yi wa yaron da ya faɗi comfort, wato tana rarrashinsa. Aboki yana yi wa wanda ya faɗi jarrabawa, wato yana ba shi haƙuri, yana kwantar masa da hankali. Ba a cewa kujera ta yi wa mutum comfort. Idan suna ce, sai ki duba maƙwabtanta a cikin jimla. In akwai mutuwa, rashi, tsoro ko kaɗaici a kusa, to fassararta tana cikin haƙuri, dangana, natsuwa, sanyin rai, ɗebe kewa. "She was a comfort to her mother" na nufin ita ce ke ɗebe wa mahaifiyarta kewa, ko ita ce sanyin idonta. In kuwa akwai gida, mota, tufafi ko tafiya, sai ki koma ga jin daɗi, sauƙi, sakewa, walwala, hutu.

Sifar da aka ciro daga gare ta, "comfortable", ita ce ta fi yawan fuskoki. Kujera comfortable mai daɗin zama ce. Takalmi comfortable shi ne wanda bai matse ba. In mai masauki ya ce wa baƙo "make yourself comfortable", cewa yake saki jikinka, nan ma gida ne. In aka ce iyali suna comfortable ta fuskar kuɗi, kalmarmu da ta fi dacewa ita ce rufin asiri: ba su yi dukiya ba, amma ba sa roƙo, ba sa kwana da yunwa. Mai sharhin ƙwallo in ya ce "a comfortable win", nufinsa an ci wasa cikin ruwan sanyi, ba tare da gumi ba. Sannan akwai wadda ya kamata duk mai aiki da Turawa ya sani: "I'm not comfortable with that". Wannan ƙin yarda ne cikin ladabi. Daidai yake da Bahaushe ya ce "hankalina bai kwanta da wannan ba". Wanda bai gane ba sai ya ci gaba da matsawa, yana zaton ba a ce a'a ba, alhali an riga an ce.

Akwai fuska ɗaya da nake so in tsaya a kanta, domin na ga illar rashin saninta da idona. Wani dattijo a danginmu ya kwanta rashin lafiya a wani asibiti a ƙasar waje, ɗansa yana jinyarsa. Wata rana da daddare ɗan ya kira gida da murna, ya ce likita ya ce yanzu abin da za su yi shi ne "keep him comfortable". Ya fahimci cewa jiki ya yi sauƙi, saura hutawa. Aka yi ta hamdala, mata suka fara maganar ranar dawowa. Da aka maimaita mini jimlar yadda likitan ya faɗe ta, sai gabana ya faɗi. A bakin likitocin Ingila da Amurka, idan aka faɗi wannan game da mai ciwo mai tsanani, sau da yawa ana nufin magani ya kai iyakarsa, an daina neman warkarwa, abin da ya rage shi ne a rage masa zafi da wahalar numfashi har lokaci ya yi. Suna kiran wannan "comfort care". Na kira yaron na ce ya koma ya tambayi likitan kai tsaye, shin ana sa ran tashinsa ko kuwa. Ya koma ya tambaya, aka gaya masa gaskiya. Wannan ya ba shi damar kiran 'yan'uwa su yi bankwana ta waya, ya zauna a gefen mahaifinsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kwana biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Don Allah, Malama, ki koya wa ɗalibanki wannan. Ba kullum jimlar ke nufin haka ba, domin a sanarwar asibiti ana iya cewa mara lafiya yana comfortable da nufin ba ya cikin zafi kuma jikinsa bai tsananta ba. Amma duk wanda ya ji ta daga bakin likita, ya tambaya a fayyace masa.

Cikin karin maganar da aka gina da kalmar, "cold comfort" ce ta fi zama tarko ga Bahaushe. Tsohuwa ce, tana cikin waƙoƙin Turanci tun ƙarni na 14, Shakespeare ma ya yi amfani da ita. Ma'anarta ban haƙurin da bai share hawaye ba, kamar a ce wa wanda shagonsa ya ƙone ai na maƙwabcinka ma ya ƙone. Ga mutumin ƙasar ƙanƙara, ɗumi shi ne alheri, sanyi shi ne rashin tausayi. Mu da muke ƙasar rana, sanyi ne abin nema. Muna cewa raina ya yi sanyi, ya sanyaya mini zuciya, sanyin idona, kamar yadda Larabawa ma suke cewa. Gaskiya ne muna da sanyin gwiwa da sanyin jiki, waɗanda ba abin so ba ne, amma in dai sanyi ya haɗu da rai ko zuciya, to alheri ne. Saboda haka ɗalibin da ya fassara cold comfort da "sanyin rai" ya juya maganar ta koma kishiyarta. Ya ce ban haƙuri na fatar baki, ko jajen da bai rage komai ba.

"Comfort zone" kuwa, wadda masu laccar zaburarwa suka cika mana kunne da ita, asalinta maganar injiniyoyi ce. A shekarun 1920 masu aikin ɗumama da sanyaya gine-gine a Amurka suka sa wa tazarar zafi da laima da mutum ke zama a ciki ba gumi ba ɗari wannan suna. Daga baya aka ara wa halin ɗan Adam, wato inda ka saba, inda ba abin da ke tayar maka da hankali. "Comfort food" sabuwa ce, ta rabin ƙarshe na ƙarni na 20, kuma abinci ne da ke tuna maka gida. Ɗalibin da ya shekara uku a ƙasar waje ya sami tuwo da miyar kuka da man shanu ya san abin da ake nufi. A nan rassan biyu suka sake haɗuwa, abu ya shiga ta baki ya je ya taɓa zuciya. A Amurka kuma "comforter" bargo ne mai kauri da aka cusa wa auduga ko gashin tsuntsu.

Saboda kalmar tana da laushi, an sha fakewa da ita don sakaya abin da ba a son faɗa. Amurkawa sun kira ban-ɗakin jama'a "comfort station", a ƙasar Filifin har yau "comfort room" suke cewa. Wannan sakayawa ce ta kunya, irin tamu ta kewayawa da bayan gida. Amma akwai wadda ta fi ƙarfin kunya, ta zama rufa-rufar zalunci. "Comfort women" fassara ce ta sunan da sojojin daular Japan suka sa wa matan da suka tilasta wa bautar lalata a sansanoninsu daga shekarun 1930 zuwa 1945, akasarinsu daga Koriya da Sin da Filifin da sauran ƙasashen da suka mamaye. An yi shekaru ana shiru, har a watan Agustan 1991 wata dattijuwa 'yar Koriya, Kim Hak-sun, ta fito fili ta ba da shaida, kuma a 1993 gwamnatin Japan ta fitar da sanarwar da ta amsa cewa sojojinta na da hannu. Duk mai fassara wannan zuwa Hausa, kada ya kuskura ya ce "matan jin daɗi" ko "matan ɗebe kewa". Yin haka ɗaukar harshen azzalumi ne. Ya faɗi abin da aka yi musu.

Game da furuci, a nan Najeriya mun saba cewa "kwamfot", muna bin yadda aka rubuta. Turawa "kamfat" suke cewa, "o" ta farko tana fita kamar ta "come" da "money" da "love", kuma nauyin murya yana kan gaɓar farko. "Comfortable" kuma gaɓa uku ce a bakin yawancinsu, kamar "kamf-ta-bul", ba a jin "for" ɗin tsakiya. Wannan yana fitowa a jarrabawar furuci, ya kamata ɗalibai su saba. Ki kuma ja kunnensu kada su haɗa "discomfort" da "discomfit". Ta farko 'yar gida ce, tana nufin rashin sakewa ko ɗan ciwo mara tsanani. Ta biyu daga wata saiwa dabam ta fito, asalinta fatattakar abokin gaba a yaƙi, yau kuma tana nufin rikita mutum ko ba shi kunya.

In na koma kan jimlolinki biyu, saƙon maƙwabciyarki ki fassara shi da "Allah ya ba ku haƙuri" ko "Allah ya ba ku dangana". Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta "Allah ya jiyar da ku daɗi", kuma kin san yadda wannan zai sauka a kunnen wadda ke zaman makoki. Na allon katifa kuwa, "daɗin kwanciya" ya wadatar. In za ki koyar da kalmar a aji, ki rubuta ta a allo, ki ja layi a ƙarƙashin haruffa huɗu na ƙarshe, ki ba su labarin Odo da kulkinsa, sannan ki ba su jimla goma ki ce kowace su fara gaya miki ko ta zuciya ce ko ta jiki kafin su nemo mata Hausa.